Mai Keke da Mai Kwale-kwale: Karatu a Kan Zirin Dingle

Akwai wata hanya a kudu maso yammacin ƙasar Ayilan wadda marubuta labarin tafiye-tafiye suka tattake har ta yi sumul. Tana tashi daga garin Dingle, ta bi bakin teku ta nufi yamma, ta zagayo ta dawo inda ta fito, tsawonta duka bai kai kilomita 50 ba. Mai keken da ya karya kumallo da wuri zai iya gama ta kafin la'asar, ko da ya yi ta tsayawa ɗaukar hoto. A 'yan makonnin nan mun zauna mun karanta abin da ya sawwaƙa na rubuce-rubucen da masu keke suka yi a kan wannan zagaye, na jaridu da na mujallun yawon buɗe ido, sai muka ga kamar mutum ɗaya ne ya rubuta su duka. Kowa ya yi hayar keke a Dingle. Kowa ya sha iska a rairayin Ventry, ya tsaya a bukkokin dutsen nan masu siffar amya a Fahan, ya jiƙa taya a ƙoramar da ke ratsa kwalta, ya ja birki a gaban farin gicciyen da ke kwanar Slea Head. Daga nan kowa ya hango tsibiran Blasket, numfashinsa ya ɗauke, ya ce nan ne ƙarshen Turai. Sai tumaki a kan hanya, sai shayi mai zafi, sai ciwon cinya da daddare. Wanda ya karanta uku ya karanta ɗari.

Ba wurin ne ya gaza ba. Zirin Dingle, wanda masu shi ke kira Corca Dhuibhne, wani dogon hannu ne na ƙasa da ya miƙe kusan kilomita 48 cikin Tekun Atlantika a gundumar Kerry. Duwatsu ne ƙashin bayansa: dutsen Brandon ya kai mita 952, mashigar Conor kuwa, wadda masu keke ke alfahari da hawanta, ta haura mita 450. A gefen arewa akwai ɗakin ibada na Gallarus, ginin dutse zalla mai kama da kifaffen kwale-kwale, wanda ya yi ɗaruruwan shekaru ruwan sama na dukansa bai yi yoyo ba. Kusa da shi, a bakin gaɓar Smerwick, sojojin Ingila suka yi wa ɗaruruwan sojojin Italiya da Sifen yankan rago a 1580 bayan sun miƙa wuya. Ƙauyukan yammacin zirin, irin su Dún Chaoin da Baile an Fheirtéaraigh, suna cikin 'yan wuraren da suka rage inda ake tashi da harshen Gelik a cikin gida. Ga tarihi, ga harshe da ke fafutukar numfashi, amma abin da mai keke ya kawo mana shi ne launin teku.

Mun fara da ƙorafi, amma kada a ɗauka muna raina keke a matsayin abin hawan marubuci. A ganinmu babu abin hawan da ya fi shi dacewa da rubutu. Mai mota ƙasa takan wuce shi ta bayan gilashi, mai ƙafa kuma ba ya isa ko'ina. Shi mai keke jikinsa ne ma'auninsa: ya san tudu da cinyarsa, ya san inda iska ke fitowa da kuncinsa, ya ji warin ciyawar teku da hayaƙin murhu kafin ya ga gidan. Kuma yana shiga ƙauye a fili, ba ƙofa tsakaninsa da mutane, a jiƙe, a gajiye, yana bukatar ruwa ko famfo ko wurin faci. Mai bukata kuwa shi ne ake yi wa magana. Duk wanda ya taɓa tura keke mai faci daga wani ƙauye zuwa wani ya san irin hirar da ake yi masa a hanya, wadda ba za a yi wa mai mota ba har abada. Abin tambaya shi ne me marubucin ya yi da wannan dama.

Mafi gwanintar wanda muka sani a wannan fanni game da Ayilan shi ne Eric Newby, Baturen Ingila, a littafinsa Round Ireland in Low Gear na 1987. Shi da matarsa Wanda suka ɗauki kekunan hawan dutse suka faɗa gaɓar yamma da ta kudu a watan Disambar 1985, wato tsakiyar hunturu, yana da shekara 66 a duniya. Wannan wauta ita ce jarin littafin, kuma shi da kansa ya san wauta ce. Ruwa ya yi ta dukansu, iska ta yi ta mayar da su baya, gidajen kwana a rufe domin ba lokacin baƙi ba ne. Newby bai ɓoye lokutan da suka ɗora kekunan a jirgin ƙasa ko suka shiga mota ba, kuma wannan gaskiyar ta fi mana duk jarumtar da 'yan baya ke zubawa. Abin da ya ƙara wa littafin gishiri shi ne Wanda. Ita ba Baturiyar Ingila ba ce, ya haɗu da ita a Italiya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana fursunan yaƙi, kuma ba ta da haƙurin zumuɗin mijinta. Duk inda ya fara kumbura a kan wani kango, sai ta soke shi da magana ɗaya ya sace. Marubucin da ya yarda ya sa wanda zai ƙaryata shi a cikin littafinsa ya san aikinsa.

Amma a nan ma muna da ja. Idan ruwa ya kulle Newby a ɗaki, ko hanya ta ƙi ba shi labari, sai ya juya ga tsofaffin littattafan jagorar matafiya da ya yi dako, ya yi ta juye mana tarihin waliyyai da hasumiyoyi shafi bayan shafi. Mutanen da ya tarar da ransu kuwa, yawancinsu masu gidan kwana ne da masu shago da wanda aka tambaya hanya. Sukan fito su faɗi abin dariya su koma. Ya je Ballinspittle, inda a shekarar 1985 dubban mutane suka yi ta tururuwa suna cewa sun ga gunkin Maryamu yana motsi, kuma ya rubuta wurin da kyau, amma mai karatu yakan fito yana sanin yadda abin ya yi wa Newby, ba yadda ya yi wa masu tsayuwar dare ba. Baƙo ko da ido makaho ne, in ji mutanenmu. Shi Newby makaho ne mai ladabi da ban dariya, wanda ya san sandarsa. (Dervla Murphy, 'yar ƙasar da ta tuƙa keke daga Turai zuwa Indiya a 1963, ta fi shi zama da mutane. Da ta juya kekenta zuwa Ayilan ta Arewa a tsakiyar rikicin shekarun 1970, sai ta rubuta A Place Apart, littafin da kusan duka sauraro ne. Amma wannan zance ne na wata rana.)

Abin da masu rubutun yawon buɗe ido ba su cika sani ba shi ne keke ya daɗe da shiga adabin wannan yanki, kuma ba don kallon teku ya shigo ba. Tun farkon ƙarni na 20, ƙungiyar farfaɗo da harshen Gelik da aka kafa a 1893 ta riƙa tura malamai masu yawo ƙauye-ƙauye a kan keke, suna koyar da karatu da rubutun harshen da makarantar Turawan Ingila ta yi wa ƙulli. Da aka kafa hukumar tattara adabin baka ta ƙasar a 1935, ma'aikatanta ma keke suka hau. Sukan ɗaure na'urar ɗaukar murya mai nauyi, irin mai faifan kakin zuma, su bi gidajen tsofaffi da daddare, a yi tatsuniya a bakin murhu, su dawo su kwana suna kwafe ta a takarda. Ɗaya daga cikinsu, Seosamh Ó Dálaigh, ɗan Dún Chaoin ne, kuma ya shafe shekaru yana wannan aiki a zirin. Wato a kan wannan hanyar da mai hayar keke ke bi yau yana neman inda hoto zai yi kyau, an taɓa murza feda don a je a zauna a yi shiru wani ya yi magana.

Tsibirin da kowa ke hangowa daga Slea Head, Babban Blasket, 'yan kilomitoci ne kawai daga gaɓa. Ko a lokacin da ya fi cika, mutanensa ba su kai 200 ba. Ba likita, ba limamin coci, ba kanti. Sallar Lahadi da jana'iza sai an tuƙa kwale-kwale an haye. Kwale-kwalen nasu kuwa firam ne na katako da aka lulluɓe da zane mai kauri aka shafe da kwalta. Duk da haka wannan ɗan wuri ya fitar da littattafai da dama, uku daga cikinsu sun zama ginshiƙan rubutun zube na Gelik. Yadda abin ya faro ya kamata ya ja hankalinmu. Masanin harsuna Carl Marstrander ya zo daga Norwe a 1907 don ya koyi tsantsar harshen, aka haɗa shi da wani masunci mai suna Tomás Ó Criomhthain ya zama malaminsa. Robin Flower na gidan tarihin Birtaniya ya biyo baya a 1910. Sai wani matashi ɗan Killarney, Brian Ó Ceallaigh, ya zo a 1917, ya riƙa karanta wa Tomás rubutun Maxim Gorky da na Pierre Loti, don ya nuna masa cewa rayuwar talaka da ta masunci ma abin rubutawa ce. Tomás ya ɗauki alƙalami. Ya riƙa cika takardu yana aikawa ta gidan waya, har suka zama An tOileánach, wato Mutumin Tsibiri, wanda ya fito a 1929.

Wanda ya karanta wannan littafi bayan ya karanta masu keke, zai ji kamar an juya masa madubi. Teku ɗaya ne, duwatsu ɗaya ne, amma daga ɗaya ɓangaren ake kallonsu. A wurin Tomás teku gona ce kuma maƙabarta ce. Idan ya dube ta, lissafi yake yi: yau za a iya hayewa ko ba za a iya ba, kifi ya shigo ko bai shigo ba, me igiyar ruwa ta kawo gaɓa daga jirgin da ya nutse, domin kayan jiragen da suka tarwatse sun sha tsamo tsibirin daga yunwa, kuma ba ya jin kunyar faɗin haka. Garin Dingle da mai keke ke yaba fentin shagunansa, a wurin Tomás kasuwa ce mai nisa inda ake kai kifi da alade, a sayo gishiri da gari, a haɗu da dangi a sha abin sha har kuɗin ya tafi. Babban yankin ƙasa kuma shi ne inda masu karɓar haya da 'yan sanda ke fitowa. Yana ba da labarin yadda matan tsibirin suka tare su da ruwan duwatsu daga saman gaɓa. Kwanar hanyar da baƙo ke tsayawa yana jinjina kyawun halitta, shi alama ce da matuƙi ke saita hancin kwale-kwale da ita.

Abin da ya fi kama mu a salonsa shi ne rowar hawaye. Mutum ne da zai kashe shafuka yana kwatanta yadda aka yi farautar wata dabbar teku a cikin kogo, ko yadda ya gina gidansa da hannunsa ba tare da an miƙa masa dutse ɗaya ba. Amma mutuwar 'ya'yansa, waɗanda ya binne da yawa daga cikinsu, takan zo cikin 'yan layuka. Ɗaya ya faɗo daga tsauni. Wani, Domhnall, ruwa ya ci shi a 1909 yana ƙoƙarin ceton wata baƙuwa 'yar Dablin da ta zo koyon harshe, ita ma ba ta tsira ba. Yarinyar da yake so a wani tsibiri na kusa, 'yar'uwarsa ta shiga ta fita aka aura masa wata, ya faɗi haka ya wuce. Wasu manazarta sun kira wannan taurin zuciya, wasu sun ce gazawar marubucin da bai san yadda ake buɗe ciki ba. Mu ba mu ga haka ba. Mai karatun da ya tashi inda uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, inda ake yi wa mutum ta'aziyya ya ce sai haƙuri ya shiga tambayar lafiyar gida, ba zai yi wa wannan shiru mummunar fahimta ba. Kara ce da kawaici. Nauyin abin yana cikin bambancin tsawon da ya ba aikin hannu da gajartar da ya ba rashi, kuma mai karatu ne ake bar wa ya auna.

Sai dai littafin da ya fito a 1929 ba duka abin da Tomás ya rubuta ba ne. Editansa, Pádraig Ó Siochfhradha, ya yi masa aski. Ya cire wuraren da ya ga ba su dace da makaranta ba, ko ba su dace da hoton tsarkakakken baƙauye mai Gelik da sabuwar ƙasar ke son nuna wa duniya ba, kuma shi ne ya nemi a ƙara rufewa mai nauyi a ƙarshe. Sai a 2002 aka samu bugun da ya bi rubutun hannun marubucin sau da ƙafa, wanda Seán Ó Coileáin ya shirya. A nan ne zancen ya zo ƙofar gidanmu, domin a daidai waɗannan shekaru irin wannan ungozomanci ake yi wa rubutun zube na Hausa. A 1933 Rupert East na hukumar fassara ta Zariya ya zagaya garuruwa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai, abin da ya haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Shi ma ya yi gyara, ya sa an cire, ya sa an sake. Kamar yadda aka ajiye wa Tomás Gorky a gaba, haka aka tara wa Abubakar Imam littattafan tatsuniyoyin Gabas da na Turai lokacin da zai rubuta Magana Jari Ce. (Wani abin mamaki ma, a tsibirin Ayilan ɗin, a birnin Belfast, aka buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar tsakanin 1911 da 1913.) Ba muna cewa baƙon ya yi sata ko ya yi ɓarna ba, ba don shi ba da wataƙila takardun ba su kai maɗaba'a ba. Amma ungozoma ma tana da irin jaririn da take so ta nuna wa dangi, kuma ya kamata mai nazari ya riƙa tambayar me aka yanke tare da cibiya.

Littafi na biyu, Fiche Blian ag Fás na Muiris Ó Súilleabháin, 1933, ba za mu daɗe a kansa ba, ko da yake shi ne ya fi daɗin karatu. Labarin ƙuruciya ne, cike da rana da farautar tsuntsaye da tseren kwale-kwale a Ventry. George Thomson, masanin Girkanci daga Kambirij, shi ne abokinsa kuma mai zuga shi, shi ne kuma ya ba shi shawarar ya shiga aikin ɗan sanda maimakon ya bi 'yan'uwansa Amurka. Turawa sun so littafin nan take, har E. M. Forster ya rubuta wa fassararsa gabatarwa. Muna zargin sun so shi ne domin ya fi kusa da abin da baƙo ke zuwa nema. Amma ko shi, idan aka lura, labarin fita ne: yana ƙarewa da saurayin ya bar tsibirin, yana ɗimuwa a tashoshin jirgin ƙasa kamar yadda baƙo ke ɗimuwa a kwale-kwale.

Na ukun shi ne wanda aka fi zalunta. Peig Sayers 'yar Dún Chaoin ce, an haife ta a 1873, ta yi aikatau a Dingle tana yarinya. Ta so tafiya Amurka, ƙawarta da ta riga ta ta yi alkawarin aiko kuɗin jirgi, kuɗin bai zo ba, sai aka yi mata aure zuwa tsibirin a 1892. Ba ta iya rubuta Gelik ba, don haka ta faɗa ɗanta ya rubuta, wata malama daga Dablin, Máire Ní Chinnéide, ta tace, littafin Peig ya fito a 1936. Daga baya gwamnati ta sa shi cikin manhajar jarrabawar kammala sakandare, aka yi shekaru da dama ana ɗura wa 'yan birni shi dole, har sunan matar ya zama abin tsokana, alamar tsohuwa mai kuka da talauci da tawakkali. Alhali waɗanda suka zauna da ita sun san wata mace daban: gwanar tatsuniya mai kaifin baki da barkwanci, wadda Ó Dálaigh mai keken nan ya kwashi ɗaruruwan labarai daga bakinta. Matar da ke cikin faifan kakin zuma ta fi ta cikin littafin makaranta rai nesa ba kusa ba. Dole mu tuna da Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta da Hausa a 1949 da 1950, duniya ta fara karanta ta da Turanci a 1954, Hausar da ta fito daga bakinta kuwa ta yi shekaru tana jiran bugu. Tsohuwa ta yi magana, wani ya riƙe alƙalami, wani ya zaɓi abin da za a buga, sannan a ce ga muryarta.

Mutumin da ya fara gano abin dariyar da ke cikin wannan ciniki ɗan ƙasar ne. Brian O'Nolan, wanda ya yi rubutu da sunan Flann O'Brien da Myles na gCopaleen, yana matuƙar girmama littafin Tomás, amma ya gaji da masu kwaikwayonsa da masu zuwa yawon ganin talauci. A 1941 ya fitar da An Béal Bocht, da Gelik, inda ya ƙirƙiri wani yanki da ruwan sama ba ya ɗaukewa, abinci dankali ne safe da dare, mutane na kwana da aladu, baƙi 'yan birni kuma na auna ingancin harshen mutum da zurfin tsiyarsa. A wani wuri wani masani ya zo da na'urar ɗaukar murya, ya ji gurnani a cikin duhun ɗaki, ya ɗauka wani tsoho ne ke zuba Gelik mai wuyar gaske, ya naɗa ya kai Jamus aka ba shi digiri. Ashe alade ne da aka sa wa tufafi. Mun yi dariya, sannan muka yi tsit, domin duk wanda ya taɓa zuwa ƙauye da rakoda yana neman Hausar asali, yana jin haushi idan tsoho ya ce rediyo ko fetur, ya san wannan masanin. Shi dai wannan marubuci, a wani littafin nasa, The Third Policeman, ya kawo wani ɗan sanda mai ra'ayin cewa wanda ya daɗe yana hawan keke a kan hanya mai gargada, jikinsa da na keken sukan yi musayar ƙwayoyi har ya zama rabi mutum rabi keke. Da muka karanta rubutun yawon buɗe ido na goma a jere, inda aka fi ba giya da sirdi da nisan kilomita muhimmanci a kan duk wani mai rai a zirin, sai muka fara ganin ɗan sandan yana da hujja.

Ƙarshen tsibirin ya zo da sauri. Samari da 'yan mata sun yi ta tafiya Amurka, yawancinsu garin Springfield na jihar Massachusetts, har aka rasa isassun hannuwan tuƙa kwale-kwale. Makaranta ta rufe a 1941. A farkon 1947 wani saurayi ya kwanta ciwo, guguwa ta hana a haye a kira likita, ya mutu. A watan Nuwambar 1953 gwamnati ta kwashe mutum 22 da suka rage, ta zaunar da yawancinsu a Dún Chaoin, inda za su riƙa hango kangayensu daga bakin ƙofa. A wannan shekarar ce kuma ƙaramin jirgin ƙasan da ke haɗa Tralee da Dingle tun 1891 ya daina aiki. Abin da ya maye gurbin kifi shi ne baƙi: fim ɗin Ryan's Daughter na David Lean da aka ɗauka a nan ya fito a 1970 ya tallata zirin ga duniya, a 2014 kuma aka saka hanyar cikin babban layin yawon buɗe ido na gaɓar yamma. Ko allunan hanya da mai keke ke wucewa fagen daga ne. A 2005 doka ta ce sunan Gelik kaɗai, An Daingean, shi ne sunan garin a hukumance. Mutanen gari da abincinsu ya dogara ga baƙin da suka san sunan Dingle suka tayar da ƙayar baya, aka yi ƙuri'a a 2006, daga bisani aka dawo da sunan Turancin tare da cikakken na Gelik, Daingean Uí Chúis. Harshe ko tuwo: wannan rigima ce da za ta cika littafi, kuma a rubuce take a kan ƙarfe a kowace mararraba. Cikin duk abin da muka karanta na masu keke, wanda ya ambace ta ya yi ne a layi ɗaya, don ya gargaɗi mai karatu kada ya ɓata hanya.

Muna da tsohuwar al'adar rubutun tafiya, kuma ta fara da ƙafar dama. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ana tsakiyar yaƙi, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. A can wanda aka saba kallo ne ya zama mai kallo, kuma ya san akwai jama'a a gida da za su tambaye shi me ya gano, me ya ji, me za a yi da shi. Yanzu da matasanmu ke karatu da aiki a Dablin da Landan, suna kuma aiko wa mujallu irin wannan labarin hutun ƙarshen mako, mun fara ganin ɗayan salon yana shigowa da Hausa: na isa, na gani, ya yi kyau, na ci kifi. Idan ɗayansu zai hau keke daga Dingle, muna roƙonsa ya sa Mutumin Tsibiri a jakar kariya, akwai fassarar Turanci ta Robin Flower da wata sabuwa da ta bi cikakken bugun. Ya bi ta Ventry teku na hagunsa, ya wuce gicciyen, ya gangara Dún Chaoin. Akwai cibiyar tarihin Blasket da aka buɗe a farkon shekarun 1990, amma kafin ya shiga, ya jingine keken a katangar maƙabartar ƙauyen. Peig tana nan kwance tun 1958, tsibirin yana hange daga kabarinta, kuma rubutun da ke jikin dutsen da Gelik yake, sai ya nemi wani ɗan garin ya karanta masa.